Taku Goma na Kawu Ja-da-baya

Sunan da kowa ya san kawuna da shi a wurin aiki shi ne Ja-da-baya, kuma ba don ya taɓa gudun wani abu ba ne. Yayan mahaifiyata ne, ciki ɗaya. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana tsara rubutu da zane a wata maɗaba'a da ke bayan tashar mota, inda ake buga alluna, kwalaye, takardun sanarwa da duk abin da mutum yake so jama'a su karanta. Duk aikin da ka kawo masa, komai zumuɗinka, ba zai karɓa ya duba a hannu ba. Sai ya ce, "Manna a bango." In ka manna, ya ce, "To, ja da baya." Tun ana kwaikwayonsa a bayan ido har sunan ya bi shi, shi ma ya riƙa amsawa.

Ba da kwamfuta ya fara ba. Yana saurayi, da buroshi da gwangwanin fenti yake yawo yana rubuta sunayen shaguna a saman ƙofa. Ya sha ba mu labarin allon farko da ya yi wa wani mai gyaran agogo. Yana kan tsani, hancinsa kusan a jikin katako, ya zuba ƙwarewa, ya yi wa kowane harafi jela da ganye, har shi kansa abin ya burge shi. Da ya sauko ya tsallaka titi zai sha ruwa, ya waiwayo, sai ya ga ko harafi ɗaya ba ya karantuwa. Mai agogo kuwa ya yaba, ya sallame shi. Washegari Kawu ya koma ba wanda ya kira shi, ya shafe allon, ya sake rubutawa da haruffa masu kauri, babu ado ko ɗaya. Mai agogo ya yi kwana biyu yana fushi, wai an sace masa furanni. Kawu ya auna faɗin titin nan da ƙafarsa, ya sami taku goma, ya riƙe wannan adadi har tsufansa.

Da aka ɗauke shi aiki a maɗaba'a aka ba shi ɗakin zane, abu na farko da ya yi shi ne ya jingina da bangon da ba taga, ya yi taku goma, ya ja layi da fenti ruwan ɗorawa a kan siminti. Layin ya faɗo daidai bakin ƙofar sito. Daga ranar, ba aikin da yake zuwa inji sai an manna shi a bangon nan, kowa ya ajiye abin da yake yi ya zo ya tsaya bayan layi. In mai shara tana kusa, ita ma sai ya kira ta, kuma ita yake fara tambaya. Shi kuwa sai ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya runtse ido yana kallo.

Na taɓa tambayarsa dalilin cire tabarau. Ya ce, "Wanda zai karanta wannan ba shi da kujerarki, ba shi da fitilarki. Wataƙila ya manta tabarau ɗinsa a gida, ga yaro yana ja masa riga, ga mota tana yi masa hon. Shi muke yi wa aiki. Wanda ya kawo aikin ai ya riga ya san abin da aka rubuta."

Yana da wata ɗabi'a kuma da ban fahimce ta da wuri ba. In mai aiki ya zo yana yabo, sai Kawu ya ƙwala wa wanda ya yi zanen kira, ya tura shi gaba, shi ya koma yana feƙe fensir. In kuwa mai aiki ya zo da zafi, an yi kuskure, Kawu ne yake tarar sa a bakin ƙofa. Magana ɗaya ce kullum: "Ta hannuna ya bi." Bayan mutumin ya tafi ne zai ja wanda ya yi kuskuren gefe, su zauna su warware inda abin ya karkace, ba tare da na kusa ya ji ba.

Ni na zo wurin ina da shekara ashirin da huɗu, da takardar kammala karatun zane a hannu da kai kamar tukunya. Mama ce ta roƙe shi ya yi mini hanya. Ita ce autarsu, shi ya sa bai taɓa kirana da wani suna ba sai 'Yar Auta. Aikina na farko sanarwar wata makaranta ce. Na zuba jan rubutu a kan shuɗi, na karkata shi, na yi masa inuwa, na kawo ina jiran a tafa mini. Ya ce in manna, in ja da baya. Daga bayan layi, rubutun sai rawa yake yi a ido. Mai shara ta ce, "Ni dai na ga kamar tabarma." Kowa ya yi dariya, raina ya ɓaci, na ce ai mai makarantar ne ya ce yana son launi. Kawu ya ce, "Mai makaranta ba zai tsaya a bakin ƙofa da kaya a ka yana neman ranar komawa ba. Uwar yara ce za ta tsaya. Je ki yi mata nata."

Kada a ɗauka mutum ne mai gaba da sabon abu. Lokacin da kwamfuta ta mamaye sana'ar, ya haura hamsin, kuma shi ne ya matsa wa maigidan wurin sai da aka sayo. Da na zo, ya jawo kujera kusa da tawa, da ɗan littafinsa, yana kirana Malama in muna darasi. Linzamin kwamfuta yana riƙe shi kamar ƙwai. Abin da zan yi cikin minti uku, shi sai ya yi rabin awa, yana rubuta kowane mataki a littafi. Amma in ya gama, ba ka samun abin cirewa. Ni ina da sauri, shi yana da ido, kuma shekara shida muka yi a haka, aikinmu yana suna a gari.

Idon nan ne ya fara tafiya. Mama ce ta gaya mini wata ranar hutu muna wanke kwanuka. Ta rage murya ko da yake mu biyu ne a gidan. Ta ce likita ya duba Yaya, ya ce ciwon ba ya juyawa, magani sai dai ya rage masa gudu. Shekara uku, in an yi sa'a huɗu, sannan duhu. Ta ce, "Ni kaɗai ya gaya wa. Kada ki nuna masa kin sani, kada kuma ki gaya wa kowa. Abu ɗaya ya ce yana so, a bar shi ya ƙarasa ganinsa a kan aikinsa." Na yi kuka ranar, kuma kukan gaskiya ne. Na faɗi haka don a san ina sane da komai kafin abin da ya biyo baya.

A shekarar ne maigidan wurin ya tsufa ya miƙa wa ɗansa ragama. Manaja muke ce wa ɗan. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika shi. Ƙananan shagunan buga takarda sun fito a kowane layi, mutum ya turo aiki ta waya da safe ya ce kafin azahar yake so, in ka ce gobe ya tsallaka titi. Manaja ya tara mu a ɗakin zane, ya ce yana so ya ji abin da yake cinye mana lokaci. Wani ya ambaci tsayuwar bayan layi. Kawu ya ce kwata ɗin awa ne kawai, kuma kwata ɗin awan nan ya sha hana mu buga aiki sau biyu. Ya ce yana iya rage mutanen da ake kira, amma kada a daina.

Ina so a ba ni shugabancin ɗakin. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma na daɗe ina auna teburin Kawu da ido. Kuma Allah ya ba ni baki mai kaifi, wanda ba ya jiran izinin zuciya. Sai na ji kaina ina cewa, "Ranka ya daɗe, mutumin da sunansa Ja-da-baya, ta yaya zai kai mu gaba?"

Ɗakin ya fashe da dariya. Manaja har da buga tebur. Mutum ɗaya ne bai yi ba, Mai Inji, ƙaton mutumin da yake kula da babban injin buga takarda, abokin Kawu tun zamanin tsani. Kawu ma ya yi dariya, amma sai da kowa ya gama, shi kaɗai, a hankali. Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa, ya mayar. Ya ce, "'Yar Auta ta iya magana." Ban ji kunya a lokacin ba. Daɗi na ji, don na ga yadda Manaja ya kalle ni.

Bayan mako biyu aka ba ni ɗakin. Kawu aka mai da shi teburin yanka, can kusa da sito, inda ake gyara gefen aiki, a ɗaure, a sa hannu a takardar fita. Aka ce girmamawa ce, za a rage masa wahala. Ya kwashe fensirorinsa da ɗan littafinsa cikin kwali ɗaya, ya goge mini teburin da kansa, har ya nuna mini durowar da take maƙalewa da yadda ake ɗaga ta. Wata guda bayan haka Manaja ya sa aka shimfiɗa fararen tayil a ɗakin, layin ya shige ƙasa. Mai Inji ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Shugaba, a sake jan layin ko?" Na ce za mu gani. Bai sake tambaya ba.

Babban aikin da ya fara zuwa a hannuna na wani asibiti ne da ya buɗe sabon ɓangare. Alluna sittin da huɗu: ina ake karɓar kati, ina ake awo, ina ɗakin magani, ina sashen ido, ina hanyar fita. Na ce a raina a nan zan nuna zamani ya zo. Na zaɓi siraran haruffa, launin toka a kan fari, da ƙananan kibiyoyi masu kyau. A allon kwamfuta abin sai wanda ya gani. Na tura wa ɗan kwangilar asibitin ta waya, ya kira ni yana cewa kamar na ƙasar waje. Manaja ya nuna wa duk wanda ya shigo ofishinsa.

Ranar da za a kwashe, Kawu ya jira sai da sauran suka fita cin abincin rana. Ya zo teburina riƙe da allo ɗaya, ya tsaya kamar baƙo.

Ya ce, "'Yar Auta, ba ni minti biyar. Manna wannan a bango."

Na ce, "Kawu, an riga an amince da shi. Ga mota can tana jira."

"Ja da baya kawai ki gani. Ba sai an kira kowa ba, ni da ke."

Ban ɗago kai daga kwamfuta ba. Na ce, "Kawu, don Allah. Yanzu ba zamanin tsani ba ne."

Ya daɗe a tsaye. Na ji takunsa ya koma wajen sito, sannan na ji ƙarar tef yana ɗaure alluna. Ya sa hannu a takardar fita, mota ta tashi.

Mako uku aka yi. Ran nan Manaja ya shigo ɗakin zane fuskarsa a haɗe, ya ce kowa ya taso. Ya ɗaga wayarsa yana nuna mana hotuna. Ga allunana a jikin bango, masu kyau, farare tas, amma a kan kowanne an liƙa yankin kwali, an rubuta da baƙin alƙalami mai kauri, da rubutun hannu karkatacce: KATI. MAGANI. FITA. Ma'aikatan jinya ne suka yi, don sun gaji da nuna hanya. Barandar asibitin doguwa ce, hasken rana yana dukan farin allo, daga nesa ba ka ganin komai sai ƙyalli. Wata tsohuwa ta yi awa biyu a layin da ba nata ba, har likitanta ya tashi. Mai gadi ya bar ƙofa ya koma ɗan rakiya. Asibitin ya ce a zo a kwashe duka.

Manaja ya ce, "Wa ya bar wannan ya fita?" Takardar fita tana hannunsa, kuma kowa ya san hannun da ke kanta.

Kawu ya tako gaba. Ya ce, "Ta hannuna ya bi."

Ya faɗa, sannan ya juyo ya kalle ni. Ba kallon tuhuma ba ne. Kallon wanda ya buɗe ƙofa ne ya tsaya yana jiran na bayansa ya shigo. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina ƙirga tayil.

Manaja ya ce, "Haba Baba. Kai da ake cewa ko ɗigo ba ya wuce ka? Ko dai idon ne ya fara?"

Da na yi shiru a nan ma, da laifina ya tsaya a tsoro. Amma sai na buɗe baki. Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi masa uzuri. Dama likita ya ce idon nasa..." Ban ƙarasa ba, kuma ba a bukatar in ƙarasa. Na daɗe ina gaya wa kaina wai ceto na yi niyya, wai don kada a yi masa faɗa. Ƙarya ce. Na ga rami a buɗe, na san in ban tura wani ba ni zan faɗa, shi ne na ɗauki sirrin da Mama ta ba ni amana na yi amfani da shi. Mai Inji ya yi tsaki, ya fita ya buga ƙofa.

Ƙarshen wata aka sallami Kawu cikin mutunci, kamar yadda Manaja ya faɗa a jawabinsa. Aka ba shi agogon bango a cikin kwali. Ya ɗaga shi ya ce, "Lambobin manya ne, wanda ya zana wannan ya san aikinsa," aka yi dariya. Ya bi kowa ya yi sallama. Da ya zo kaina ya ce, "Durowar nan, kada ki ja ta da ƙarfi." Shi ke nan abin da ya ce mini.

Na sake allunan. Baƙaƙen haruffa masu kauri a kan ruwan ɗorawa, kibiya kamar tafin hannu. Kafin in kai inji, na saci jiki lokacin cin abinci na fita lungun bayan maɗaba'a, na jingina allo da bango, na yi taku goma ina waige kada wani ya gan ni. Asibitin ya yi murna. Manaja ya ce a gaban kowa ni na fitar da kamfani kunya. Na ce na gode.

Shekara biyu da wata biyar na yi ina ɗauke da wannan. Aiki yana tafiya, an ƙara mini mutane, an sa mini na'urar sanyi a ɗaki. Mama ta tambaye ni sau ɗaya me ya faru a wurin aikin Yaya, na ce shekaru ne. Ta kalle ni ta ci gaba da ninke kaya. Gidan Kawu bai fi tafiyar minti ashirin daga namu ba, amma kullum ina da uzuri. Sai dai in sayi maganin ido da 'ya'yan itace in ba Mama ta kai. Ita take kawo mini labari: yana zama a baranda yana rubuta wa maƙwabta lambar gida kyauta, ya daina, don buroshi yana fita daga layi, yanzu rediyo kawai yake saurare. Ina jin wannan ina ƙirgawa a raina, shekara uku in ji likita, in an yi sa'a huɗu. Ganin da ya roƙa a bar shi ya kashe a kan aikinsa, a baranda yake ƙarewa yana kallon katangar maƙwabci.

Abin da ya karya ni ƙarami ne. Wata sabuwar ma'aikaciya ta kawo mini zane a wayarta, tana ta zumuɗi, siraran haruffa a kan hoto. Ban san lokacin da na ce, "Ja da baya ki gani" ba. Ta yi dariya ta ce, "Anti, in ja zuwa ina?" Mai Inji yana wucewa da takarda a kafaɗa. Shekara biyu gaisuwa kawai take haɗa ni da shi. Ya tsaya ya ce, "Tambaya mai kyau. Shugaba, gaya mata, a ina za ta tsaya?"

Da la'asar na shiga ofishin Manaja na rufe ƙofa. Na gaya masa komai: cewa Kawu ya ga matsalar tun kafin a ɗaure alluna, ya zo ya roƙe ni minti biyar na hana, cewa idonsa a lokacin ya fi nawa gani, cewa gyaran da aka yaba mini ma da takunsa na yi shi a ɓoye. Manaja ya daɗe yana juya biro. Ya ce, "Sai yanzu?" Na ce sai yanzu. Ya ce, "To me kike so in yi?" Na ce a sake jan layi, kuma Kawu ne zai auna. Ya ce in je in ɗauko shi, in har zai yarda.

Ranar Asabar da safe na je, Mama tana biye da ni don na ce ba zan iya shiga ni kaɗai ba. Yana baranda a kujerar roba, rediyo a cinya. Agogon nan yana rataye a bango bayansa. Ya ji takuna ya ce, "'Yar Auta ce? Yau a garinmu?" Na durƙusa a gabansa na fara magana. Na shirya jawabi mai tsawo a hanya, amma duk ya watse, sai na riƙa faɗin abubuwa ba tsari, da maganar sunansa, da minti biyar, da sirrin likita. Mama ta zauna a dakalin ƙofa. A nan ta fara jin abin da na yi da amanarta.

Da na gama, Kawu ya kashe rediyo. Ya ce, "Ni ma ina da nawa. Na gani, na san ba zai karantu ba, na sa hannu don kada in kunyata ki a aikinki na farko na shugabanci. Tsohuwar nan da ta yi awa biyu a layi, da hannuna a ciki. Don haka da na ce ta hannuna ya bi, ba ƙarya na yi ba."

Na ce, "Kawu, ai rufa mini asiri ka yi."

Ya ce, "A'a. Ba don ki ɓuya na faɗa ba. Ke ce shugaba a ranar. Shekara shida kina gani ina yi. Na faɗa ne don in tuna miki yadda ake faɗa, na zaci za ki tashi ki ƙwace maganar daga bakina. Shi ya sa na kalle ki."

Ya ce, "Maganar suna kuwa, ta yi daɗi. Da a kan wani kika yi ta, da na fi kowa dariya."

Na gaya masa maganar layi. Sai ya ce wa Mama, "Auta, ɗauko mini hulata."

Ran Litinin muka kawo shi. Duk ma'aikata suka taru, har da sababbin da ba su san shi ba sai a labari. Mai Inji ya rungume shi har ya ɗaga shi daga ƙasa, Kawu yana cewa, "Sauke ni, ɗan banza, ni ba damin takarda ba ne." Na riga na tanadi fenti ruwan ɗorawa da buroshi. Na kuma manna allo ɗaya a bangon da ba taga, kwafin na asibitin da na gyara, don ina so ya ga aikin da takunsa ya yi.

Na kai shi jikin bango, ya jingina bayansa. Ya fara tafiya yana ƙirgawa da ƙarfi, Mama a hagunsa, ni a damansa. A na goma ya tsaya. Ni da Mai Inji muka kalli juna, don saura tazara tsakaninsa da ƙofar sito. Kawu ya miƙa hannu gefe yana laluben katakon ƙofar, ya kamo iska. Ya ce, "Ƙafar ma ta tsufa ashe. Kada ku ja a nan." Ya ƙara taku biyu, hannunsa ya taɓa katako. Ya ce, "Nan ne." Mai Inji ya durƙusa ya ja layin a gaban takalminsa.

Kawu ya juya ya fuskanci bango. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya runtse ido kamar yadda ya saba.

Ya ce, "To, 'Yar Auta, manna."

Allon yana nan a gabansa, kowane harafi ya kai tsawon hannuna.

Na ce, "Na manna, Kawu."

Ya ƙara tsayawa yana kallon wajen. Sannan ya ninke tabarau ya sa a aljihu, bai mayar fuskarsa ba. Ya ce, "Wa ke kusa? Mai shara tana nan?" Tana nan, ta tsufa ita ma. Ya ce ta karanta. Ta karanta da ƙarfi: "Sashen ido, a bi hagu." Ya tambaye ta ko ta yi wahala, ta ce ko kaɗan.

Ya ce, "To, ya karantu. A kai inji."

Sai ya miƙa hannu yana neman kafaɗar da zai dafa ya fita. Ni ce na fi kusa, har na matso. Hannun ya taɓa hannun rigata, ya tsaya kaɗan, sannan ya ce, "Auta, ina kike?" Mama ta zagayo ta kama shi, suka nufi ƙofa a hankali. Na tsaya bayan layi da gwangwanin fenti a hannu, Mai Inji yana gaya wa sababbin ma'aikata su yi hankali, bai bushe ba tukuna.